Hasumiyar Agogon Sapporo: Tambayoyin da Masu Ziyara Suka Fi Yi da Amsoshinsu

Duk wanda ya shirya zuwa Sapporo, ko don karatu a Jami'ar Hokkaido ko don taro ko don kallon bikin dusar ƙanƙara, sai an ce masa ya leƙa hasumiyar agogo. Daga nan tambayoyi suke farawa, kuma kusan iri ɗaya ne kullum. Ga waɗanda suka fi yawan dawowa.

Mece ce wannan hasumiya, kuma a ina take?

Gini ne na katako mai hawa biyu, fari, da jan rufi, a tsakiyar birnin Sapporo, babban birnin tsibirin Hokkaido da ke arewacin Japan. A samansa akwai 'yar hasumiya mai fuskar agogo huɗu, kowace tana kallon kusurwa guda. Mutanen gari suna ce masa Tokeidai, kuma wannan kalmar ce za ka faɗa wa direban tasi ko wanda ka tsayar a hanya. An gina shi a 1878 a matsayin zauren atisaye da taro na Kwalejin Aikin Gona ta Sapporo, wadda ita ce ta zama Jami'ar Hokkaido ta yau. Agogon ya fara aiki a 1881, kuma har gobe shi ne dai yake bugawa.

Adireshinsa Kita 1 Nishi 2, a gundumar Chuo. Titunan tsakiyar Sapporo a jere suke kamar layin dara, ana ƙirga su daga arewa ko kudu, gabas ko yamma, don haka wannan adireshin yana nufin layi na ɗaya ta arewa, na biyu ta yamma.

Yaya zan isa wurin?

Daga filin jirgin sama na New Chitose akwai jirgin ƙasa mai sauri da ke kai mutum tashar Sapporo cikin kamar minti 40. Daga tashar, tafiyar ƙafa ce ta kusan minti 10, ka miƙe kudu. Idan kuma ta jirgin ƙarƙashin ƙasa ka zo, sauka a tashar Odori, inda layuka uku na birnin suka haɗu. Daga nan minti 5 ne.

Da hunturu kada ka wahalar da kanka a kan titi. Tun 2011 akwai faffaɗar hanyar ƙafa a ƙarƙashin ƙasa da ta haɗa tashar Sapporo da Odori, mai ɗumi da haske da alamomi. Ka bi ta, sai ka kusa sannan ka fito sama. Sauran bayani kan sanyi yana cikin amsar da ta yi magana kan lokacin shekara.

Ƙarfe nawa ake buɗewa, kuma nawa ake biya?

Ana buɗewa 8:45 na safe, a rufe 5:10 na yamma, amma ba a karɓar mai shiga bayan ƙarfe 5. Ana rufewa kwana uku na farkon Janairu saboda hutun sabuwar shekara. Kuɗin shiga na babba bai kai yen 500 na kuɗin Japan ba, yara kuma ba sa biya. Kallon ginin daga waje da jin ƙararrawa kyauta ne, dare da rana.

Na ji ana cewa wurin yana kashe wa mutum gwiwa. Gaskiya ne?

Maganar tana da tushe. Japanawa da kansu suna da wani jeri na wuraren da suka yi suna amma ganinsu bai kai jinsu ba, kuma kusan kullum wannan hasumiya tana ciki, tare da gadar Harimaya ta birnin Kochi. Dalilin a fili yake. Hotunan da ke jikin kwalayen tsaraba suna nuna ta ita kaɗai, sama shuɗiya a bayanta, sai mutum ya zaci a kan tudu take a tsakiyar makiyaya. Yana zuwa sai ya tarar da ita a maƙale tsakanin dogayen benaye na ofisoshi, motoci suna wucewa a gabanta, ga ta ƙarama.

Amma na lura masu wannan ƙorafin galibi ba su shiga ba. Sun tsaya a bakin shinge, sun ɗauki hoto, sun wuce cikin minti uku. Wanda ya zo neman tsawo ya tafi hasumiyar talabijin da ke kusa, mai sama da mita 140. Abin da ke nan daban ne: inji ne da aka ƙera tun ƙarni na 19, yana tafiya da nauyin duwatsu da ƙarfin hannun mutum, bai san lantarki ba, kuma ya fi shekara 140 yana gaya wa gari lokaci. Benayen da suka rufe shi ɗin ma duk a gabansa aka yi su. Lokacin da aka gina shi, shi ne babba a unguwar, ana jin ƙararrawarsa har gonakin bayan gari. Ka karanta amsar yadda agogon yake aiki kafin ka je. Za ka ga wurin da wani ido.

Ƙarfe nawa ya fi dacewa in je don in ji ƙararrawa?

Sha biyun rana. Ƙararrawar tana buga adadin ƙarfen da aka yi: ƙarfe ɗaya, bugu ɗaya, ƙarfe sha biyu, bugu goma sha biyu. A kwana ɗaya bugu 156 ke nan. Wanda ya zo ƙarfe ɗaya, kafin ya ankara an gama.

Ka iso saura minti biyar ka tsaya a farfajiya. Za ka ga mutane sun fara ɗaga kai, wasu sun saita waya, ma'aikatan ofis kuwa suna wucewa da sauri zuwa cin abinci ba su ko waiga ba. Dogon hannu yana hawa kan gajere sai bugun farko ya fito, siriri mai tsabta, ba mai razanarwa ba, yana ɗan ja kafin na biyu ya biyo. Idan fitilar hanya ta tsayar da motoci a daidai lokacin, ka yi sa'a. A 1996 hukumar muhalli ta Japan ta saka wannan sauti cikin sautuka 100 na ƙasar da ake so a adana. Idan kana da lokaci, ka ji bugu ɗaya daga waje, ka ji na gaba daga zauren sama, inda sautin yake saukowa ta cikin katako.

Me ke ciki? Ana barin mutum ya hau har wurin agogon?

Ba a hawa hasumiyar. Wurin matsattse ne, masu kula da injin kaɗai ke shiga. Amma an yi wa baƙi tanadi: a zauren sama an ajiye wani agogo ɗan'uwansa, ƙirar kamfani ɗaya, a buɗe, yana aiki, ka tsaya dab da shi ka ga kowane haƙori yana tura na kusa da shi. Nan ne ya kamata ka fi daɗewa.

Zauren kansa fili ne babba, ba ginshiƙi a tsakiya, da dogayen bencina a jere da rufin katako a buɗe. An mayar da shi kamannin da yake da su a zamanin kwalejin, a babban gyaran da aka yi tsakanin 1995 da 1998. Akwai mutum-mutumin William S. Clark, malamin Amurka da ya ba da shawarar a gina zauren, a zaune a kan benci. Da yamma bayan an rufe wa baƙi, ana ba da hayar zauren don kiɗa da lacca. A ƙasa kuma gidan tarihi ne: hotunan Sapporo tun tana fili, ƙaramin samfurin harabar kwalejin, takardun ɗalibai, da bayanin launukan da ginin ya taɓa ɗauka, domin kafin fari ya taɓa zama toka-toka, ya taɓa zama kore. Minti 40 zuwa awa ɗaya ya isa.

Daga ina hoto ya fi kyau?

Akwai ɗan dandamali a farfajiya da aka yi don haka; mai ɗauka ya durƙusa ya harba sama, sai benayen baya su ragu. Ginin da ke tsallaken titi ta gaba yana da baranda a hawa na biyu, inda ake samun ginin gaba ɗaya. Da dare ana haska shi da fitilu, kuma a nawa ganin lokacin ya fi kyau, musamman idan dusar ƙanƙara ta kwanta a rufin. Da bazara ganyen itatuwa yakan rufe rabin fuskar.

Me ya haɗa makarantar noma da zauren atisayen soja?

A 1869 sabuwar gwamnatin Japan ta zamanin Sarki Meiji ta raɗa wa tsibirin suna Hokkaido, ta kafa hukumar raya shi mai suna Kaitakushi. Abu biyu ke gabanta: a noma ƙasar, kuma a tsare ta daga Rasha da ke maƙwabtaka ta arewa. Shi ya sa aka riƙa kai manoma waɗanda kuma sojoji ne, da fartanya da bindiga. Noman shinkafa irin na kudu bai dace da wannan sanyi ba a lokacin, sai aka nemo ƙwararru daga Amurka, inda yanayin ya yi kama.

Cikinsu akwai William S. Clark, shugaban Kwalejin Aikin Gona ta Massachusetts, wanda ya yi yaƙin basasar Amurka har ya kai muƙamin kanar. Ya zo a 1876, shekarar da aka buɗe kwalejin, ya kuma kawo tsarin makarantarsa, inda ɗaliban noma suke koyon atisaye. Shi ya ba da shawarar a gina zauren. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne Clark bai taɓa ganin ginin ba. Wata takwas kawai ya yi, ya tafi a Afrilun 1877, ya bar wa ɗalibansa kalmar bankwana da kowane ɗan makaranta a Japan ya sani: samari, ku zama masu dogon buri. Magajinsa William Wheeler ne ya zana tsarin, ma'aikatan Kaitakushi suka gina, aka buɗe a Oktoban 1878. Shi ya sa yake kama da gine-ginen katako na ƙauyukan Amurka na wancan zamani.

Sama wurin atisaye ne da bikin yaye ɗalibai, ƙasa azuzuwa da ɗakin gwaje-gwaje. Cikin waɗanda suka yi karatu a nan akwai Nitobe Inazo, wanda ya zama mataimakin babban sakataren Ƙungiyar Ƙasashen Duniya ta farko bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, aka kuma taɓa sa hotonsa a takardar yen 5,000; da Uchimura Kanzo, malamin addinin Kirista; da Miyabe Kingo, masanin tsirrai.

Tun farko da agogon aka gina shi?

A'a. Da farko 'yar rumfar ƙararrawa ce kawai a saman, ana kaɗa ta don shiga aji. Kuroda Kiyotaka, shugaban Kaitakushi, shi ya ce a sa agogo. Aka yi oda daga kamfanin E. Howard na Boston. Da ya iso a 1879 sai aka ga ya fi ƙarfin rumfar, ba zai shiga ba. Dole aka sake gina hasumiya daidai da shi, wadda muke gani yau, ya fara aiki ranar 12 ga Agusta, 1881.

Yana da kyau a tuna halin da ake ciki a lokacin. Sai a 1873 Japan ta koma ƙirgen awa 24 masu tsawo ɗaya. Kafin nan ana raba yini kashi shida, dare kashi shida, tsawon kowane kashi yana bin fitowar rana da faɗuwarta, kusan yadda kakanninmu suke auna yini da hantsi da walaha da azahar. Mutanen Sapporo na 1881, waɗanda mafi yawansu ba su da agogon kansu, a bakin wannan ƙararrawa suka saba da sabon lokaci.

To yaya yake aiki ba tare da lantarki ba?

Ka ɗauki guga cike da ruwa a bakin rijiya. Idan ka sake igiya zai faɗa a guje. Idan kuwa ka naɗe igiyar a gungume, ka sa abin da zai riƙa sakinta kaɗan-kaɗan daidai wa daida, to saukar gugan za ta iya auna lokaci. Haka wannan agogo yake. Maimakon guga, akwatunan katako ne biyu cike da duwatsun da aka kwaso daga kogin Toyohira mai ratsa birnin. Ƙaramin, mai nauyin kusan kilo 50, shi ke tafiyar da hannayen agogo. Babban, kusan kilo 150, shi ke ɗaga gudumar da ke bugun ƙararrawa. Kowanne yana rataye da igiyar ƙarfe, yana sauka a hankali ta cikin ginin.

Mai hana su faɗuwa a guje ita ce doguwar sanda mai nauyi a ƙasa, wadda ke lilo hagu da dama. Duk lilo ɗaya, wani ƙugiya yana sakin haƙori ɗaya na faifan ƙarfe, ya kama na gaba. Wannan ne ƙas-ƙas ɗin da za ka ji idan ka kasa kunne a gaban agogon da aka ajiye a zauren sama. Daga wannan inji ɗaya sanduna suke rabuwa zuwa fuskoki huɗu, shi ya sa ba a samun wata ta riga wata. Idan awa ta cika, sai wani sashe ya saki babban akwatin, ya sauka gwargwadon bugun da ake bukata, ya tsaya.

Duwatsun ba sa komawa sama da kansu. Sau biyu a mako wani yakan hau, ya kama marikin ƙarfe, ya yi ta murɗawa har akwatunan su koma sama. A Satumban 2018, lokacin da girgizar ƙasa ta jawo ɗaukewar wuta a duk tsibirin Hokkaido, rashin wutar bai shafi tafiyar wannan inji ba. A 2009 ƙungiyar injiniyoyin ƙere-ƙere ta Japan ta sanya shi cikin injinan tarihi na ƙasar.

Su wa suke kula da shi duk tsawon wannan lokaci?

Wannan ce tambayar da na fi so a yi. Bayan kwalejin ta koma wata harabar, an yi lokacin da agogon ya rasa mai kula, ya tsaya, ya fara tsatsa. A 1933 wani mai shagon agogo a birnin, Inoue Kiyoshi, ya ga abin ya dame shi, ya ɗauki gyaran a kansa ba tare da an biya shi ba. Bai tsaya a gyara ɗaya ba. Ya ci gaba da hawa yana ɗaga duwatsu, yana shafa mai, yana daidaita lokaci, shekara da shekaru, cikin zafi da cikin sanyin da ke daskarar da yatsu. Ɗansa Kazuo ya taya shi, daga baya ya gaje shi, kafin aikin ya koma hannun wasu da suka koya. Ƙarfen Boston mai kyau ne, ba shakka, amma da ba don wannan gida ba, da yau agogon ado za ka tarar.

A nan aka gina shi tun asali?

Kusa da nan. A 1903 kwalejin ta koma harabar da jami'ar take yanzu, arewa da tashar jirgi. A 1906 hukumar gari ta sayi ginin, aka jawo shi ɗungurungum, ba a warware shi ba, kimanin mita 100 zuwa kudu. Daga nan ya yi aikin zauren taro, ya daɗe yana ɗakin karatu na birni har cikin shekarun 1960. An sha kawo shawarar a kai shi wani fili mai faɗi inda zai fi fitowa, amma aka tsaya a kan ya zauna inda yake. A 1970 gwamnatin Japan ta sa shi cikin muhimman kadarorin al'adu na ƙasa.

Shi ne agogon hasumiya mafi tsufa a Japan?

Cikin masu aiki har yanzu, haka ake ɗaukarsa. Garin Izushi da ke lardin Hyogo yana da tasa hasumiya mai suna Shinkoro, wadda ita ma a 1881 aka fara sa mata agogo, an daɗe ba a san wanda ya riga ba. A 2021 binciken tsofaffin takardu ya nuna na Izushi ya fara ranar 8 ga Satumba, kwana 27 bayan na Sapporo. Mutanen Izushi suka karɓi matsayi na biyu da hannu biyu.

Mene ne ma'anar jajayen taurarin da ke jikin ginin?

Tambarin Kaitakushi ne, yana wakiltar tauraron arewa. Guda 17 ne a jikin ginin, yara suna jin daɗin nemo su. Za ka sake ganin tauraron a tsohon ofishin gwamnatin Hokkaido mai jan bulo, na 1888, da ke 'yar tafiya kaɗan daga nan.

Sai dai tauraron ba labari ɗaya yake ɗauke da shi ba. Tsibirin ba kango ba ne lokacin da hukumar ta zo. Ƙasar Ainu ce, sunan Sapporo ma daga harshensu yake. Rayawar da ta kawo kwaleji da agogo ita ce kuma ta raba Ainu da filayensu, ta taƙaita musu farauta da kamun kifi, ta danne harshensu. Sai a 2019 dokar Japan ta ambace su a matsayin 'yan asalin ƙasa. Wanda yake son jin wannan ɓangare ya je Upopoy, gidan tarihin Ainu na ƙasa da aka buɗe a 2020 a Shiraoi, kamar awa ɗaya a jirgin ƙasa.

Wane lokaci na shekara ya fi, kuma yaya sanyin yake?

Daga ƙarshen Mayu zuwa Oktoba an fi sakewa. Amma da yawa don dusar ƙanƙara suke zuwa, musamman farkon Fabrairu, lokacin bikin da ake yi tun 1950 a filin Odori, minti kaɗan daga hasumiyar. A lokacin masauki yana tsada, sai an kama da wuri.

Wanda iyakar sanyin da ya sani shi ne na hunturun Kano ko Damagaram, ya shirya sosai. Dusar da ke zuba a Sapporo a shekara tana kaiwa kusan mita biyar, kuma a Janairu ko da rana ma'aunin zafi yakan zauna ƙasa da sifili. Sanyin ma da sauƙi a kan santsi. Dusar da aka tattaka takan zama kamar gilashi, musamman wurin tsallaka titi. Ana sayar da wasu ƙugiyoyin roba da ake ɗaurawa a ƙasan takalmi a shagunan tasha, ka saya ranar da ka sauka. Ka riƙa gajeren taku, hannuwa a waje ba cikin aljihu ba. A bakin wasu mahaɗun titi akwai akwatunan tsakuwa da kowa zai iya ɗiba ya watsa.

Ina zan yi sallah, kuma me zan ci a kusa?

Akwai masallaci a Sapporo, kusa da Jami'ar Hokkaido, ana Juma'a a can, kuma nan ne za ka fi samun sahihin labarin inda ake sayar da abincin halal. Filin jirgin New Chitose yana da ɗakin sallah. Alƙibla daga nan yamma take, ta ɗan karkata arewa, ba gabas ba kamar yadda muka saba. Ka kula da lokuta: a Disamba rana tana faɗuwa wajen ƙarfe 4, don haka wanda ya tsaya jin bugun sha biyu, azahar ta riga ta shiga, la'asar kuma ba ta da nisa. Agogon Japan yana gaban na Najeriya da Nijar da awa 8.

Taliyar ramen da Sapporo ta yi suna da ita, galibi da romon ƙashin alade ake yin ta, ko ba ka ga nama a kai ba. Gasasshen naman rago da suke kira jingisukan ma sai ka tambayi yadda aka yanka da abin da aka zuba a miyarsa, domin giyar girki tana shiga miya da yawa a Japan. Mafi sauƙi shi ne abincin teku. Kasuwar Nijo tana da nisan kamar minti 10 a ƙafa daga hasumiyar, ana samun gasasshen kifi da shinkafa tun da safe, sai dai yawancin rumfunan suna tashi kafin dare.